Idan Annoba Ta Ɓarke, Wa Ke Gano Ko Da Hannun Mutum A Ciki?

Tambaya: Idan wata cuta ta ɓarke a ƙasa, ta yaya gwamnati ke tantance ko haka kawai Allah ya kawo ta, ko kuskure aka yi a ɗakin gwaje-gwaje, ko kuwa wani ne ya sake ta da gangan? Wace hukuma ce ke da alhakin wannan bincike, kuma me ya sa ake shekara da shekaru ba a samu amsa ba, alhali kullum ana cewa kimiyya ta yi nisa?

Amsa: Ɗan'uwa, babu hukuma guda da ke iya wannan aiki ita kaɗai, ko a ƙasashen da suka fi kowa kuɗi da kayan aiki. Dalili kuwa, abin da ka tambaya ya rabu gida uku. Akwai sanin wace ƙwayar cuta ce kuma daga wane dangi ta fito, wannan aikin masana kimiyya ne. Akwai sanin ta wace hanya ta isa ga mutane, wannan na jami'an lafiya ne masu bin sawun annoba, tare da likitocin dabbobi. Sai kuma sanin wanda ya aikata, da wanda ya sa shi, da abin da yake nufi, wannan na 'yan sanda ne da masu leƙen asiri da kotu. Ci gaban da kake ji ana faɗa a gida na farko ya fi yawa. Yau ana karanta tsarin halittar ƙwayar cuta gaba ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu. Amma ƙwayar cuta ba ta faɗin sunan wanda ya ɗauko ta. Iyakacinta ta nuna danginta, daga nan sai mutane su ci gaba da aikin, kuma mutanen nan suna ƙarƙashin ma'aikatu daban-daban da ba su saba zama a tebur ɗaya ba.

Abu na farko da ke rikita lamarin shi ne, harin ƙwayar cuta ba ya zuwa da ƙara ko hayaƙi. Wanda zai fara ganinsa likita ne ko ma'aikaciyar jinya, kwanaki bayan an gama aikata shi, kuma abin da za su gani marasa lafiya ne masu zazzaɓi ko gudawa kamar na kullum. A watan Satumba na 1984, mutum 751 suka kamu da gudawar Salmonella a garin The Dalles da ke jihar Oregon ta Amurka, bayan sun ci abinci a gidajen cin abinci kusan goma. Jami'an lafiya suka yi bincikensu suka jingina abin ga rashin tsaftar masu haɗa abinci. Sai bayan shekara guda, da rikici ya ɓarke tsakanin mabiya wata ƙungiyar addini ta Rajneesh da ke zaune a wannan yanki, aka gano cewa wasu daga cikinsu ne suka zuba ƙwayar a abincin, don su kwantar da masu jefa ƙuri'a kafin zaɓen ƙaramar hukuma. Da 'yan sanda suka shiga ɗakin gwajin asibitin ƙungiyar, suka tarar da kwalbar ƙwayar da ta yi daidai da wadda aka samu a jikin marasa lafiya. Jami'an lafiyar nan ba sakarci suka yi ba. Sun bi ƙa'idar aikinsu ne, wadda ke cewa a fara zargin abin da aka saba gani. Abin da ya ɓace shi ne babu wanda ya haɗa abin da suka sani da abin da 'yan sanda ke ji game da ƙungiyar.

Haɗa su ɗin kuwa ba wasa ba ne, don kowa da tarbiyyar aikinsa. Jami'in lafiya so yake mara lafiya ya saki jiki ya faɗa masa duk inda ya je da wanda ya haɗu da shi, kuma ya yi masa alkawarin rufa masa asiri. Da zarar ɗan sanda ya shigo ɗakin da littafinsa, bakin mara lafiya ya mutu. Jami'in lafiya so yake a sanar da jama'a nan take don su kare kansu, mai binciken laifi kuma so yake a yi shiru kada mai laifin ya farga. Kan samfur ma sukan saɓa. A asibiti, idan an gama gwaji aka san maganin da za a bayar, sai a ƙone abin da ya rage, kuma haka tsafta ta ce. A wurin mai gabatar da ƙara kuwa wannan ragowar ita ce shaida, kuma sai an rubuta sunan duk wanda ya taɓa ta, da lokaci, da inda aka ajiye ta, tun daga gadon mara lafiya har gaban alƙali. In aka samu giɓi ko na sa'a ɗaya, lauyan wanda ake tuhuma zai rusa ta. Masu leƙen asiri su kuma na iya sanin abin da zai warware komai, amma ba za su faɗa ba, ko su faɗa ba tare da bayyana inda suka samo ba, saboda tsare wanda ya ba su labarin. Shaidar da ba za a iya nuna tushenta ba kuwa ba ta gamsar da kotu, balle wata ƙasa.

Wanda yake so ya ga duk waɗannan matsaloli wuri ɗaya, ya dubi wasiƙun da aka aika a Amurka a 2001 ɗauke da garin ƙwayar antiraks, cutar da makiyaya suka sani da ciwon saifa. An aika su ne makonni kaɗan bayan harin 11 ga Satumba, zuwa gidajen jaridu da talabijin da ofisoshin sanatoci biyu, Tom Daschle da Patrick Leahy. Mutum 5 suka mutu, wasu 17 suka kwanta. Da mutum na farko ya kamu a Florida, ministan lafiya na lokacin ya fito yana nuna cewa mai yiwuwa daga ruwan rafi ya ɗauko. An buɗe wasiƙar ofishin Daschle ranar 15 ga Oktoba, aka ba ma'aikatan Majalisar Dattawa magani nan da nan, amma babban gidan wayar Brentwood da wasiƙar ta bi ta cikinsa bai rufe ba sai ranar 21 ga wata, saboda jami'an lafiya sun ɗauka cewa rufaffen ambulan ba zai yoyo ba. Masanan soja da suka riƙe garin a hannunsu sun ga irin laushinsa da yadda yake tashi a iska, amma wannan bayani bai isa ga masu yanke shawara kan gidan waya da ƙarfin da ya kamata ba. Ma'aikata biyu na wannan gidan waya suna cikin biyar ɗin da suka mutu.

Ta ɓangaren kimiyya, cikin kwanaki aka gane cewa ƙwayar daga dangin da ake kira Ames take. Ko sunan ma ya ɓatar da mutane, don an zaci daga garin Ames na jihar Iowa ta fito, alhali daga wata saniya da ta mutu a Texas a 1981 aka samo ta, adireshin da ke jikin kwalin da aka aiko ta ciki ne ya jawo sunan. Cikin wannan ruɗani wata jami'a a Iowa ta ƙone tarin samfuran antiraks da ta daɗe tana ajiyewa, ba tare da hukumomin bincike sun hana ba. Sanin dangin ya taƙaita fagen nema, tunda ɗakunan gwaji ƙalilan ne ke riƙe da shi, amma bai nuna kowa ba. Sai da hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta tattara samfur sama da dubu daga duk inda aka san ana ajiye Ames, masana suka ƙirƙiro sababbin hanyoyin gano wasu ƙananan sauye-sauye guda huɗu da aka gani a garin wasiƙun. Samfur takwas suka nuna duka huɗun, kuma dukkansu suna komawa ga kwalba ɗaya mai lamba RMR-1029 a cibiyar binciken soja ta Fort Detrick. Wannan aiki ya ci shekaru. Ana cikin haka hukumomi suka ɗora zargi a bainar jama'a kan wani masani da daga baya aka wanke shi, gwamnati ta biya shi diyyar dala miliyan 5.8 a 2008. Masanin da ke kula da kwalbar, wanda bincike ya koma kansa, ya kashe kansa a watan Yuli na wannan shekarar kafin a gurfanar da shi. An rufe fayil a 2010. A 2011 kwamitin masana na ƙasa da aka ba aikin duba binciken ya ce shaidar kimiyya ta dace da cewa daga kwalbar nan garin ya samo asali, amma ita kaɗai ba ta isa a yanke hukunci ba. Mutane fiye da ɗari ne ke iya kaiwa ga abin da ke cikin kwalbar ko abin da aka ɗiba daga cikinta.

Ka lura, wannan ƙasa ce mai cikakken iko da wurin da abin ya faru, da ambulan a hannu, da kotu, da kuɗi ba iyaka, amma ta haura shekara takwas, kuma har yau akwai masana da ba su gamsu ba. Abin da ta koya shi ne ta kafa cibiya ta musamman a 2004 don gwajin samfuran da za a kai kotu, ta kuma sa FBI da hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC suka tsara yadda za su riƙa bincike tare: wa zai fara kiran wa, wa zai yi wa mara lafiya tambaya, wane bayani ne zai tsallaka daga wannan ɓangare zuwa wancan. Hukumar 'yan sandan duniya ta Interpol ma tana horar da ƙasashe kan irin wannan haɗin gwiwa. A ganina wannan tsari na takarda ya fi kowace na'ura muhimmanci, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da gawa ke kwance ba ranar da darakta a ma'aikatar lafiya zai fara neman lambar wayar takwaransa na 'yan sanda ba ce.

Idan abin ya shafi gwamnati ita kanta, sai lamarin ya sake salo. A watan Afrilu na 1979 antiraks ta kashe aƙalla mutum 66 a birnin Sverdlovsk na Tarayyar Sobiyet. Hukumomi suka ce gurɓataccen nama mutane suka ci, aka kwashe takardun asibiti. Shekara 13 aka yi a haka, har shugaban Rasha Boris Yeltsin ya amsa a 1992 cewa daga aikin soja abin ya fito. Abin da ya tabbatar da shi a kimiyyance kuwa ba wata fasaha mai tsada ba ce. Likitoci biyu masu binciken gawa sun ɓoye samfuran da suka ɗiba da bayanan da suka rubuta. Sannan ayarin da Matthew Meselson na jami'ar Harvard ya jagoranta ya bi iyalan mamatan yana tambayar inda kowa yake a ranakun farko na watan, ya zana a taswira, ya haɗa da bayanan iska na filin jirgin sama. Sai ga mutanen sun jeru a siririn layi ɗaya da ya taso daga cibiyar soja ya miƙe kudu, tumaki ma sun mutu a kan wannan layi har nisan kilomita 50. Nama ba ya bin iska ya jeru haka.

Wannan ya kai mu ga matakin ƙasa da ƙasa, inda giɓin ya fi faɗi. Akwai yarjejeniyar haramta makamai masu yaɗa ƙwayoyin cuta, wadda aka buɗe sa hannu a kanta a 1972 ta fara aiki a 1975, kuma ƙasashe fiye da 180 suna cikinta. Sai dai ba ta da masu sa ido. An shafe shekaru ana tattauna ƙarin sashen da zai ba da damar bincike, Amurka ta yi watsi da daftarin a 2001, maganar ta mutu. Kwatanta da makamai masu guba: su suna da hukumar OPCW a birnin Hague mai ma'aikata wajen ɗari biyar da jerin ɗakunan gwajin da aka tantance. Yarjejeniyar ƙwayoyin cuta kuwa ɗan ƙaramin ofishi gare ta a Geneva, wanda ma'aikatansa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Ƙasar da ke zargin an kai mata hari tana iya kiran taron tuntuɓa, kamar yadda Cuba ta yi a 1997 da ta zargi Amurka da sako mata wani ƙwaro mai cin amfanin gona, aka tashi ba a cimma matsaya ba. Tana kuma iya kai ƙara Kwamitin Sulhu, kamar yadda Rasha ta yi a 2022 kan ɗakunan gwaji a Ukraine, ƙudurin bai samu ƙuri'un da yake buƙata ba. Kuma ko ƙarar mai ƙarfi ce, ƙasashe biyar na iya hawa kujerar naƙi.

Hanya ɗaya da ta rage ita ce ikon da Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba Babban Sakatare a 1987, na ya tura masu bincike idan wata ƙasa ta kawo rahoton an yi amfani da makami mai guba ko na ƙwayar cuta. Ƙasashe kan ba da sunayen masana da ɗakunan gwaji a ajiye a jeri, ana kuma yi musu atisaye. An yi amfani da wannan iko a Mozambik da Azarbaijan a 1992, da Siriya a 2013, duk kan zargin makamai masu guba. Ba a taɓa gwada shi kan ƙwayar cuta ba. Kuma sai an yi zargin hari ne yake aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ita kuma aikinta annobar da ta taso da kanta, tana kuma ƙyamar a mai da ita 'yar sanda, don ta san ranar da ƙasashe suka fara kallonta haka za su rufe mata ƙofa. To cutar da ba a san ko wacce ce daga cikin biyun ba fa? Ita ce ke faɗawa tsakani, kuma kusan duk wadda ake jayayya a kanta irin wannan ce.

Kada kuma ka ɗauka jinkiri ne kaɗai haɗarin. Gaggawar nuna yatsa ta yi ɓarna mai yawa. A 2011 wata muguwar ƙwayar E. coli ta kama mutum kusan 4,000 a Jamus, ta kashe sama da 50. Hukumomin birnin Hamburg suka fito suka ambaci kokwambar Spain, kasuwar manoman ƙasar ta rushe cikin kwanaki, daga baya aka gano cewa tsiron hulba ne, wanda aka danganta irinsa da kayan da aka shigo da su daga Masar. Wannan ba hari ba ne ma, kuma tsakanin ƙasashe ne masu ƙawance. A 1981 sakataren harkokin wajen Amurka Alexander Haig ya zargi Sobiyet da hannu a wani ruwan guba mai launin rawaya da aka ce ana zubawa a Laos da Kambodiya. Masana masu zaman kansu da suka duba samfuran sun tarar da garin furanni cike a ciki, suka nuna cewa kashin ƙudan zuma ne da ke zuba idan sun tashi a garke. Gwamnatin Amurka ba ta janye zargin ba. Ka ƙaddara irin wannan kuskure a lokacin da sojoji ke jiran umurnin ramuwa.

A Haiti kuma akasin haka aka gani, shaida ta fito amma mai alhaki ya ƙi karɓa. Kwalara ta ɓulla a watan Oktoba na 2010 a ƙasar da ta daɗe ba ta san ta ba, ta kashe mutum wajen 10,000. Masu bin sawun annoba suka bi kogin Artibonite har zuwa kusa da sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya da suka zo daga Nepal, gwajin tsarin halitta kuma ya nuna ƙwayar ta yi daidai da wadda ke yawo a Nepal a lokacin. Duk da haka sai a watan Disamba na 2016 Babban Sakataren Majalisar na lokacin, Ban Ki-moon, ya nemi gafarar mutanen Haiti. Babu wanda ya yi niyyar cutar da kowa a can, sakaci ne wajen zubar da ƙazanta. Amma ya nuna cewa idan wanda ake zargi shi ne ke riƙe da ƙofar shiga wurin bincike, gaskiya kan daɗe a hanya.

Gwajin halitta da ake ta yabo ma sai da abin kwatantawa yake aiki. Da masanan Nepal ba su ba da samfuransu ba, da ba a samu abin da za a aza na Haiti a kai ba. Ƙasashe kuwa suna da dalilin riƙe nasu. Indonesiya ta daina ba da samfuran murar tsuntsaye a 2007, tana cewa ana haɗa rigakafi da su a sayar mata da tsadar da ba za ta iya ba. Afirka ta Kudu da Botswana sun sanar da duniya nau'in korona na Omicron a watan Nuwamba na 2021, sakayyar da suka samu ita ce aka rufe wa yankinsu hanyar jiragen sama. Dokokin lafiya na duniya na 2005 sun ce ƙasa ta sanar cikin sa'o'i 24 bayan ta tantance cewa abin na iya tsallake iyaka, amma duk shugaban da ya ga abin da ya sami mai gaskiya zai yi lissafi kafin ya buɗe baki.

Korona ta haɗa duk wannan. An rufe kasuwar Huanan da ke birnin Wuhan na ƙasar Sin, inda aka fara ganin cutar da yawa, ranar 1 ga Janairun 2020 aka wanke ta, ayarin Hukumar Lafiya ta Duniya mai binciken tushen cutar bai isa birnin ba sai bayan shekara guda. Rahotonsa na watan Maris 2021 ya ce da ƙyar ne a ce daga ɗakin gwaji ta fito, shugaban hukumar da kansa ya ce ba a zurfafa binciken wannan ɓangare yadda ya kamata ba. Hukumomin leƙen asirin Amurka da aka ba kwana 90 a wannan shekarar sun rabu: wasu sun karkata ga dabba, ɗaya ta karkata ga haɗarin ɗakin gwaji, wasu sun ƙi ɗaukar ɓangare, amma sun haɗu a kan cewa ba makami aka ƙera ba. Mafi yawan masana ƙwayoyin cuta da suka yi rubutu a kai sun fi ganin dabba ce tushen, sai dai bayanan makonnin farko da za su rufe bakin kowa ba su fito ba, kuma shaidar irin wannan lalacewa take yi da wucewar lokaci.

Saboda haka idan ka ji wata gwamnati ta ce ta gano tushen wata cuta, ka duba ko ta faɗi iya ƙarfin tabbacinta, don masu wannan aiki na gaskiya kan ce tabbaci kaɗan, ko matsakaici, ko mai ƙarfi, kuma su bambance abin da gwaji ya nuna da abin da aka ji daga majiya. Ka duba ko ɗakunan gwaji fiye da ɗaya, a ƙasashe daban-daban, sun gwada samfurin ba tare da sanin sakamakon juna ba. Ka duba ko wanda ya yi binciken shi ne wanda zai amfana ko ya cutu da amsar. Ƙasar da ke son ta iya wannan aiki kuma, ko ba ta da manyan na'urori, za ta iya rubuta yarjejeniya tun yanzu tsakanin ma'aikatar lafiya da ta dabbobi da 'yan sanda da masu gabatar da ƙara, ta koya wa asibitoci su ajiye samfuran farko da cikakken rubutu idan cuta ta zo da baƙon salo, ta san ɗakin gwajin waje da za ta aika wa da izinin da ake buƙata kafin a ɗora samfur a jirgi, ta kuma ware mutum ɗaya da zai riƙa yi wa jama'a magana. Tattara bayanan cututtukan da aka saba gani a ƙasa shekara bayan shekara shi ma yana cikin aikin, domin sai likita ya san yadda antiraks ko kwalara ke zuwa a yankinsa, a wane lokaci kuma ga su wa, kafin ya iya cewa wannan karon ba haka ta saba zuwa ba.